Kuɗin Ta'amin a Arba wa Nus: Yadda Ɗan Haya Ke Karɓo Ajiyarsa Ranar Tashi

A gabashin birnin Alƙahira, kan hanyar da ta nufi Suwais, akwai wata unguwa mai cunkoso da aka daɗe ana kira Izbat al-Haggana, amma mazaunanta da direbobin ƙananan motocin haya sun fi saninta da Arba wa Nus, domin tana daidai kilomita huɗu da rabi a kan wannan hanya. Asalinta matsugunin dakarun raƙuma ne masu tsaron iyaka, waɗanda aka zaunar da iyalansu a wurin tun wajen shekarun 1930, daga baya kuma mutanen karkara suka yi ta kama fili a hamadar gwamnati suna ɗora bene a kan bene ba tare da izinin gini ba. A 'yan shekarun nan hukuma ta sake mata suna Madinatul Amal, ta kuma rushe wasu gidaje domin faɗaɗa hanyoyi, sai dai tsohon sunan bai bar bakin jama'a ba. Rangwamen haya shi ya jawo mata baƙi, yawancinsu 'yan Sudan da 'yan Sudan ta Kudu, tare da mutanen Afirka ta Yamma, ciki har da ɗalibai Hausawa daga Nijeriya da Nijar da ke karatu a Azhar, waɗanda ko dai ba su sami ɗaki a Madinatul Bu'us ba, wato masaukin ɗalibai baƙi, ko kuma sun zo da iyali, suka bazu tsakanin wannan unguwa da maƙwabciyarta Hayyul Ashir.

Wanda ya taso a Kano ko Zariya ya saba da biyan hayar shekara guda dunƙule, shi ya sa tsarin Masar yakan zo masa da sauƙi ta wani gefe, da nauyi ta wani gefen. A Alƙahira wata-wata ake biyan haya, amma ranar shiga gida ɗan haya yakan fitar da kuɗi kashi uku: hayar watan farko, da ladan simsar, wato dillalin gidaje, wanda sau da yawa yakan kai hayar wata guda kuma ba ya dawowa, sannan da ta'amin. Ta'amin kuɗi ne da ake ajiyewa a hannun mai gida, bisa al'ada daidai da hayar wata ɗaya ko biyu, domin ya zama lamuni a kan duk abin da ɗan haya zai ɓata ko bashin wuta da ruwa da zai bari, kuma yakan ƙaru idan shaƙƙar, wato sashen da aka kama a cikin benen, mafrusha ce, ma'ana an ba da ita haɗe da gadaje da kujeru da firji. Kuɗin na ɗan haya ne tun ranar da ya miƙa shi har ranar da zai fita, kuma mai gida ba shi da haƙƙin taɓa komai a ciki sai gwargwadon asarar da ta tabbata. Wannan ita ce ƙa'ida a takarda. A aikace kuwa, rigimar da ta fi yawa tsakanin baƙi da masu gidaje a irin waɗannan unguwanni ita ce ta ranar tashi, kuma mafi yawanta tun ranar shiga aka shuka ta.

Dalili na farko yana cikin tsarin dokar kanta. Masar tana da tsarin haya iri biyu. Akwai tsohuwar haya, wadda Doka ta 49 ta 1977 da Doka ta 136 ta 1981 suka tsara, inda aka daskarar da kuɗin haya aka kuma ba ɗan haya damar zama har ya bar wa magadansa, kuma a wannan tsari ne aka hana mai gida karɓar ta'amin da ya wuce hayar wata biyu. Wannan tsari yana kan hanyar ƙarewa, domin a watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta Tsarin Mulki ta yanke cewa daskarar da hayar gidajen zama ya saɓa wa tsarin mulki, sannan Doka ta 164 ta 2025 ta sanya wa irin waɗannan yarjejeniyoyi na gidajen zama wa'adin shekara 7. Baƙon da ya kama gida a yau bai shiga wannan sahu ba tun farko, saboda duk hayar da aka ƙulla bayan fitowar Doka ta 4 ta 1996 tana ƙarƙashin Dokar Madani ta 1948, wato babban kundin dokokin mu'amala da Abdurrazzaƙ as-Sanhuri ya jagoranci rubutawa. Wannan kundi bai ware wa ta'amin wani babi ba: bai iyakance adadinsa ba, bai sanya ranar da dole a mayar da shi ba, bai kuma tilasta a ajiye shi a banki ba. Abin da ya tanada shi ne Mada ta 147, wato ayar doka mai wannan lamba, wadda ta mayar da yarjejeniya doka a kan waɗanda suka ƙulla ta. A Ingila, tun 2007 ake tilasta wa mai gida ya sanya irin wannan kuɗi ƙarƙashin wani tsarin kariya mai zaman kansa, a Jamus kuma dole ya ware shi daga dukiyarsa, amma a Arba wa Nus kuɗin yana shiga aljihun mai gida kai tsaye, kuma ba mamaki kafin mako ya zagayo ya zama siminti a saman bene.

Tunda haka ne, komai ya koma kan takarda. Yawancin hayar unguwa ana rubuta ta a kan wani fom bugagge da ake saye a shagon kayan rubutu, mai ɗauke da sharuɗɗa da aka riga aka tsara da gurabe da ake cikewa da biro: sunan mai gida, sunan ɗan haya, adireshi, wa'adi, kuɗin wata, da gurbin ta'amin. Wannan gurbi na ƙarshe shi ne ake yawan bari fanko, ko don gaggawa, ko don simsar ya ce ai ba komai, mai gidan mutumin kirki ne. Illar wannan sakaci tana fitowa fili idan aka duba Dokar Hujja, wato Doka ta 25 ta 1968, wadda Mada ta 60 a cikinta, bayan gyaran 2007, ta ce mu'amalar da ba ta kasuwanci ba idan ta wuce fam 1,000 na Masar ba a tabbatar da ita da bakin shaidu sai da rubutu. Da wuya a sami ta'amin a Alƙahirar yau da bai wuce wannan adadi ba. Saboda haka ɗalibin da ya ƙirga kuɗi ya miƙa a gaban abokansa huɗu, yana ganin ya kafa shaida kamar yadda zai yi a gaban alƙali a Katsina, yana iya tarar da cewa kotun Masar ba za ta saurari ko ɗaya daga cikinsu ba idan mai gida ya ƙi yarda, sai fa in akwai wani ɗan rubutu daga hannun mai gidan da ke nuni ga karɓar kuɗin, wanda a lokacin ne ake iya cike giɓin da shaidu. Ban da wannan, abin da ya rage masa shi ne ya nemi a rantsar da mai gida, kuma idan ya rantse shari'a ta ƙare. Saƙon waya da mai gida ya amsa a ciki cewa ya karɓa, ko tura kuɗin ta InstaPay ko Vodafone Cash maimakon hannu da hannu, duk suna barin sawun da zai yi amfani, ko da yake babu wanda ya kai rubuta adadin da lamba da kuma kalmomi a jikin yarjejeniyar, da sa hannun mai gida a ƙasa.

Akwai mataki na gaba da baƙi da yawa suka sani saboda neman iƙama, wato izinin zama, shi ne kai yarjejeniyar ofishin Shahrul Aƙari, hukumar rajistar takardu da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a, domin a yi mata isbat tarih, wato a tabbatar da ranar da aka rubuta ta. Wannan hatimi ba ya tabbatar da cewa mai gida shi ne mamallaki na gaskiya, amma yana hana a musanta wanzuwar takardar a wannan rana, kuma yana da amfani idan aka sayar da benen, domin sabon mai gida yana ɗaure da hayar da aka tabbatar da ranarta kafin cinikin. A Arba wa Nus ba kowane mai gida ke son a je wannan ofis ba, wani don gudun haraji, wani kuma don shi kansa takardunsa na mallaka ba su cika ba, ko yana cikin neman sulhu da hukuma a kan ginin da ya yi ba izini, a ƙarƙashin Doka ta 17 ta 2019 ko Doka ta 187 ta 2023 da ta maye gurbinta. Ƙin zuwan ba hujja ba ce cewa mutum macuci ne, amma alama ce ta yadda zai kalli takarda ranar da aka zo lissafi.

Madar da ta fi kowace tasiri a kan ta'amin ita ce ta 591 a Dokar Madani, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Sashenta na farko ya wajabta wa ɗan haya ya mayar da gida a halin da ya karɓe shi, in ban da lalacewar da ba shi da hannu a ciki. Sashenta na biyu ya ce idan an miƙa gidan ba tare da rubuta mahdar ba, wato takardar da ke bayyana halin da yake ciki, to doka za ta ɗauka cewa ɗan haya ya karɓe shi lafiya lau, har sai ya kawo hujjar da ta nuna akasin haka. Ma'anar wannan a gidan da aka gina da hanzari a bayyane take. Famfon banɗaki da ke ɗiga tun kafin a shiga, da tayil ɗin da ya tsage a bakin ƙofa, da jirwayen danshi da ke saukowa daga banɗakin maƙwabcin sama, da sahhan, wato tukunyar ɗumama ruwan wanka, wanda ba ya aiki sai an bubbuga shi, duk suna iya komawa wuyan wanda ya shiga bai ce uffan ba. A ranar tashi mai gida zai zaga ɗaki-ɗaki, wani lokaci tare da bawwab, wato mai gadin bene, ya murɗa famfo, ya kunna fitila, ya ja kujera gefe ya duba bango, ya buɗe firji ya taɓa robar ƙofarsa, kuma kowane abu da ya nuna yana da farashi a bakinsa, farashin da yakan zo daidai da ta'amin ɗin ba ragi ba ƙari. Wanda ke riƙe da takarda mai sa hannun ɓangarorin biyu, da hotuna da bidiyon da aka ɗauka ranar shiga aka kuma tura wa mai gida ta WhatsApp a wannan ranar, shi kaɗai ke iya cewa wannan tsagewar a nan ya same ta.

Ko da babu mahdar, ba kowace lalacewa ce ake ɗora wa ɗan haya ba. Mada ta 567 ta ɗora wa mai gida manyan gyare-gyare da gida ba ya zaunuwa sai da su, Mada ta 582 ta bar wa ɗan haya ƙananan gyare-gyare da al'ada ta san nasa ne, irin su canza ƙwan fitila ko gyara makulli, sannan Mada ta 583 ta ce yana da alhakin ɓarnar da ba ta taso daga amfani na yau da kullum ba. Fentin da ya dusashe bayan shekara biyu da katifar da ta lotsa saboda kwanciya amfani ne na yau da kullum, kuma kuɗin hayar da aka biya shi ne farashinsu, don haka cire kuɗin sabon fenti daga ta'amin ba shi da tushe sai in an rubuta shi a matsayin sharaɗi. Ɗalibin fiƙihu zai gane wannan ƙa'ida da sauri, domin malaman mazhabar Malikiyya ma suna ɗaukar wanda ya yi haya a matsayin amintacce a kan abin da ke hannunsa, ba ya ramawa sai ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci.

Shaƙƙa mafrusha tana da nata haɗari na daban. Ana haɗa yarjejeniyarta da jerin kayan da ke ciki, kuma sa hannu a kan wannan jeri yana mayar da kayan amana a hannun ɗan haya, ta yadda ɓacewar wani abu daga ciki za ta iya zama ƙarar cin amana a ƙarƙashin Mada ta 341 ta Dokar Hukunta Laifuffuka, laifin da ke kai mutum kurkuku. Mafi muni shi ne isal amana, wata takarda da mutum ke sa hannu yana iƙirarin an ba shi wasu kuɗi ya kai wa wani, wadda wasu masu gidaje ke nema a matsayin ƙarin lamuni, wani lokaci ma ba a rubuta adadi a jiki ba. Duk wanda ya sa hannu a kan irin wannan takarda ya miƙa wuyansa, kuma ranar tashi maganar ta'amin za ta zama ƙarama a kan maganar karɓo takardar.

Bashin wuta da ruwa da gas shi ne uzuri na biyu da ake riƙe kuɗi da shi. Inda mita mai kati ce, wadda ake sa wa kuɗi kafin a sha wuta, lissafi a fili yake. Inda kuwa tsohuwar mita ce da takardarta ke zuwa daga baya, ko famfo ɗaya ne ake raba kuɗinsa tsakanin mazauna, mai gida yana da hujjar cewa a jira takarda ta fito. Hanyar da ta fi tsafta ita ce a rubuta lambar da mita ke nunawa ranar shiga da ranar fita, a adana rasiɗan watannin ƙarshe, a kuma yarda a rubuce cewa za a riƙe wani ƙayyadadden kaso don takardar da ba ta iso ba, a mayar da sauran nan take.

Lokaci ma yana cin ta'amin ta hanyar da babu ruwan mai gida. Mada ta 134 ta ce wanda ake bi kuɗi yana biyan adadin da aka rubuta ne, ko darajarsa ta hau ko ta faɗi. A farkon 2022 dala ɗaya tana ƙasa da fam 16, a 2023 ta kai wajen fam 31, sannan a ranar 6 ga Maris 2024 ta tsallaka zuwa kusan fam 50, don haka ɗalibin da ya ajiye ta'amin a farkon 2022 yana shekarar farko a jami'a, ko an mayar masa da shi cif ranar da ya gama, abin da zai canza ya koma da shi gida bai kai rabin abin da ya kawo ba. A gefe guda, yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 ya turo ɗimbin jama'a zuwa Alƙahira, haya ta yi tashin gwauron zabo a unguwannin da baƙi ke zama, kuma mai gidan da ke da masu jira a ƙofa ba ya jin wata buƙata ta rabuwa lafiya da wanda zai fita.

Wannan ne ya sa 'yan haya da yawa ke bin hanyar da suke ganin ta fi gajarta, wato su ƙi biyan watan ƙarshe su ce a cire daga ta'amin. Idan mai gida ya amince a rubuce, babu abin da ya fi wannan sauƙi, kuma ga wanda zai bar ƙasar baki ɗaya shi ne sharaɗin da ya kamata ya nema tun ranar ƙulla yarjejeniya. Idan kuwa bai amince ba, ɗan haya ya zama mai bashin haya a idon doka, kuma Mada ta 589 ta ba mai gida damar riƙe kayan da ke cikin gidan a madadin haƙƙinsa. Haka nan wanda ya fita kafin wa'adi ya cika yakan tarar da sharaɗin da ke cewa ta'amin ya zama na mai gida, ko da yake Mada ta 224 ta ba alƙali ikon rage diyyar da aka yi yarjejeniya a kanta idan ta wuce kima, ko soke ta idan aka tabbatar mai gida bai yi asarar komai ba, kamar a ce wani ya shiga washegari da haya mafi tsada.

Wata matsala ta musamman ga ɗalibai ita ce gadon ɗaki. Mutum huɗu ko biyar sukan haɗa kuɗi su kama shaƙƙa da sunan ɗayansu, idan wani ya gama karatu sabon zuwa ya biya shi kasonsa na ta'amin ya maye gurbinsa, a haka har a wayi gari wanda sunansa ke kan takarda yana koyarwa a Sakkwato, waɗanda ke cikin gidan kuma babu abin da ya haɗa su da mai gida a rubuce. Ranar da rukunin ƙarshe zai tashi, mai gida yana da gaskiya idan ya ce bai san su ba. Gyaran wannan ba shi da wuya: duk lokacin da mai sunan zai tafi, a sabunta yarjejeniya da sunan wanda ya rage, a rubuta cewa tsohon ta'amin ya koma kansa.

Idan magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, doka tana da matakai, kuma na farko shi ne fita daga gidan a hukumance. Barin makulli a hannun bawwab ba miƙa gida ba ne, kuma Mada ta 590 ta ɗora diyya a kan wanda ya ci gaba da riƙe gida bayan wa'adi, don haka idan mai gida ya ƙi karɓar makulli ana gabatar masa da shi ta hannun muhdir, wato ma'aikacin kotu mai isar da sanarwa. Ta hannun wannan ma'aikaci ne kuma ake aika inzar, gargaɗi a rubuce cewa a mayar da kuɗin, kuma sau da yawa ganin takardar kotu a ƙofa yakan wadatar. Idan adadin yana rubuce kuma lokacin biyansa ya yi, Dokar Ƙararraki ta 13 ta 1968 ta tanadi amru ada'i, wato umarnin biya da alƙali ke bayarwa ba tare da doguwar shari'a ba, bayan an ba wanda ake bi aƙalla kwana 5, sai dai idan mai gida ya kawo maganar ɓarna, al'amarin yakan koma ƙara ta yau da kullum, wani lokaci har a naɗa ƙwararre ya duba gidan. Ofishin 'yan sanda yana iya rubuta mahdar na tabbatar da halin da ake ciki, amma ba ya tilasta biya, domin rigimar ta dukiya ce tsakanin mutum biyu. Gaskiyar magana, ladan lauya da watannin jira sukan cinye ta'amin na wata guda, kuma baƙon da iƙamarsa ta ƙare ba ya son kusantar kowane ofis, abin da wasu masu gidaje suka sani sarai. Shi ya sa mafi yawan kuɗin da ke dawowa a Arba wa Nus ta hanyar sulhu suke dawowa, a zaman da ake haɗa limamin masallacin layi, ko dattijon da mai gida ke jin nauyinsa, ko shugabannin ƙungiyar ɗalibai, ko simsar ɗin da ya haɗa cinikin kuma yake son a ci gaba da kawo masa baƙi. Masu katin Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suna iya neman shawarar shari'a a ƙungiyoyin agaji irin su StARS.

Babu abin da ke raunana ɗan haya kamar mai gida ya san ranar jirginsa, domin daga nan duk abin da ake buƙata shi ne a ce masa ya dawo gobe har goben ta ƙare. Wanda zai bar Masar ya kamata ya sanar da tashinsa a rubuce cikin wa'adin da yarjejeniya ta gindaya, ya sanya ranar duba gida da miƙa makulli mako biyu ko uku kafin tafiya ko da zai ƙarasa kwanakin a ɗakin aboki, ya kuma tsaya a kan cewa makulli da kuɗi a zama ɗaya za su sauya hannu, tare da takardar sallama da ke cewa babu wanda ke bin wani. Idan duk da haka kuɗin bai fito ba, haƙƙin bai mutu da tafiyarsa ba, domin ƙa'idar gama-gari a Dokar Madani ita ce bashi ba ya faɗuwa sai bayan shekara 15, amma wanda zai bi masa shi a kotu yana buƙatar taukil, wato takardar wakilci ta hukuma, kuma yin ta a Shahrul Aƙari kafin a hau jirgi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan nemanta daga Kano ko Maraɗi.